Yadda ake sauya ƙusoshi, notuna da bushin ƙafar motar haɗa-da-kanka

Motar haɗa-da-kanka ba daga layin masana'anta take fitowa ba. Kamfani ne ke sayar da shasi da bodi da wasu kayayyaki a warwatse, mai saye ya nemo tsohuwar mota ya yanka ta, ya ciro inji da giya da ƙafafu, ya zauna a garejinsa ya haɗa da hannunsa. A 1957 Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a Ingila, ana sayar da ita a kwance domin mai saye ya kauce wa harajin sayen sabuwar mota. Caterham ta karɓi ƙirar a 1973, Westfield ta biyo baya a 1982. A Amurka kuwa tun 1964 Bruce Meyers ya fito da Meyers Manx, wadda daga baya aka riƙa ɗora ta a kan shasin Volkswagen Beetle da aka rage wa tsawo. Har yau ana haɗa irinsu da kayan Ford Sierra, Jaguar XJ6 da Mazda MX-5.

Idan irin wannan mota ta faɗo hannunka bayan shekara 20 ko 30, ka sani cewa kowace ƙusa da ke jikinta mutum ɗaya ne ya zaɓe ta, kuma ba ka san shi ba. Wataƙila ya bi littafin kamfani dalla-dalla. Wataƙila kuma dare ne ya yi masa, ya zura hannu cikin gwangwanin tsofaffin notuna, abin da ya shiga ramin ya ɗaure. Saboda haka ba na yarda a kwance tsohuwar ƙusa a je a sayo irinta sak. Ramin za ka auna, aikin da ƙusar ke yi za ka duba, sannan ka san abin da ya kamata ya zauna a wurin.

Mu daidaita kalmomi tukuna. Inda na ce ƙusa, ina nufin namijin da makanikai ke ce wa bol, noti kuma macen da ake murzawa a kansa. Zare shi ne tiredi. Hannun sama da hannun ƙasa su ne ƙarafan da ke riƙe da kan taya. Kunnuwa su ne 'yan farantan ƙarfe biyu da aka walda a jikin shasi, waɗanda hannu ko shakazoba ke shiga tsakaninsu. Bushin shi ne guntun robar da ke zaune a idon hannu ko shakazoba. A tsakiyar kowane bushin kuma akwai ɗan bututun ƙarfe da ƙusa ke ratsawa, shi zan riƙa kira bututun ciki.

Kada ka taɓa sifana sai ka yi awo

Motar tana tsaye a kan tayoyinta a shimfiɗaɗɗen daɓe, iskar tayoyi daidai, ka auna tsayin shasi daga ƙasa a kusurwoyi huɗu, ka rubuta. Ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa wani wuri tabbatacce a jikin shasi ko bodi, ka rubuta. Wannan awo na biyu shi zai cece ka a ƙarshen aiki.

Ka ɗauki hoton kowane maɗauri ta gaba da ta baya, a kusa yadda za a ga kan ƙusa da jerin washa. Inda aka cusa washa ko 'yan faranti tsakanin hannu da kunne, ka ƙirga su, ka rubuta nawa ne a gaba, nawa ne a baya, domin a motoci da yawa da su ake saita kwanciyar taya. Inda boljoyin (gaɓa mai ƙwallo da ke haɗa hannu da kan taya) ko tayarod (sandar da ke juya taya daga sitiyari) ke da zaren saiti, ka ƙirga zaren da ya rage a waje. Idan ƙafar MX-5 ce, ƙusoshin hannun ƙasa suna da washa mai karkataccen rami wadda ake juyawa a saita taya. Ka ja layi da fenti daga washar zuwa jikin ƙarfe kafin ka motsa ta.

Gefe ɗaya za ka kwance, ka bar ɗayan a haɗe ya zame maka madubi.

Ɗagawa da tokarewa

Ka sassauta notunan taya motar tana ƙasa, ka sa wa sauran tayoyin waigi, ka ɗaga da jak, ka sauke ta a kan matokaran ƙarfe. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa, ba a kuma tokare mota da bulo, don yana fashewa ba tare da ya ba da sanarwa ba. Shasin yawancin waɗannan motoci da siraran bututu aka saƙa shi, sau da yawa mai kusurwa huɗu, faɗin milimita 25, kaurin bangonsa wajen 1.6. Idan ka tokare tsakiyar dogon bututu zai lotsa. Ka nemi mahaɗar da bututu uku ko huɗu suka gamu, ka sa guntun katako a tsakani. Ka girgiza motar da ƙarfinka kafin ka yarda da ita.

Sifirin da ke matse yana ɗauke da ƙarfin da zai karya hannu. A motocin da sifirin ke zagaye da shakazoba a haɗe, idan ƙafa ta sauka ta yi lilo, yawanci za ka iya fitar da su tare ba tare da ka raba su ba. Ka sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, ka ɗan ɗaga har ƙusar shakazoba ta saki jiki, ka zare ta, ka sauke a hankali. Amma inda sifirin ke zaune daban a kan hannun ƙasa, kamar gaban Jaguar, sai da na'urar matse sifirin ta ainihi. A nan babu dabara ta biyu.

Kan birki kuma ka kwance shi ka rataye da waya a jikin shasi, kada nauyinsa ya hau kan tiyon man birki.

Kwance ƙusar da tsatsa ta ci

Kwana biyu kafin ranar aiki ka goge bakin zaren da burushin waya, ka fesa man kwance tsatsa safe da yamma. Ka yi amfani da soket mai kusurwa shida, domin mai sha biyu shi ke cinye kafaɗun noti ya mayar da shi kamar ƙwallo. Ka riƙe kan ƙusa, noti za ka juya. Idan ya ƙi, ka ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan sannan ka dawo baya, tsatsar kan karye a haka.

Babbar matsalar ba a noti take ba. Noti zai fita lafiya, ka buga ƙusa ta ƙi motsi, saboda ta yi tsatsa ta manne da bututun ciki sun zama abu ɗaya. Idan ka juya ta za ka ji robar bushin tana murɗewa tana dawo da ita. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan da guduma, ina duka ina ƙara duka, ƙusar ba ta gusa ba, sai da na duba na ga kunnen baya ya buɗe ya lanƙwashe, fentin gindinsa ya tsage. Ƙarfin dukan duk a kan kunnen ya sauka. Aikin rabin sa'a ya koma na mai walda. Tun ranar, idan na buga sau uku ko huɗu da matsakaicin ƙarfi ba ta motsa ba, sai in ajiye guduma in ɗauko zarton ƙarfe. Ana zura bakin zarton a siririn gibin da ke tsakanin bushin da kunne, a yanke ƙusar ta nan, a koma ɗaya gefen a yanke, hannun ya sauko da guntun a cikinsa. Da ma ƙusar da bushin duk zubarwa za a yi, kunnen ne abin tattali.

Wuta tana taimakawa a kan noti, amma ka tuna irin motar da kake aiki a kanta. Bodin faiba ne ko siririn alminiyon, tiyon fetur da na birki da wayoyin lantarki suna bin jikin bututun shasi, tankin mai kuma a wasunsu yana daf da ƙafar baya. In ba za ka iya kare waɗannan ba, ka haƙura da wuta. Boljoyin kuwa da na'urar ɓalle shi ake fitar da shi, a bar noti a bakin zaren don kada ya yi tsalle.

Duk abin da ya fito daga maɗauri ɗaya ka zuba shi a leda ɗaya, ka rubuta sunan wurin a jiki.

Abin da tsohuwar ƙusa ke gaya maka

Ka wanke kowace ƙusa ka kai ta haske. Idan ka ga wani zobe mai ƙyalli ko tudu-da-kwari a jikinta daidai inda kunne yake, tana motsi ke nan a cikin ramin, ba ta ɗauru ba ko kuma ta yi wa ramin ƙanƙanta. Ka mirgina ta a kan gilashi, lanƙwasasshiya za ta riƙa ɗingishi. Idan zare ne ya kwanta a cikin ramin kunne, za ka ga haƙoransa sun baje, ramin kuma ya ci.

Sai kunnuwan. Ka kankare fentin gindinsu har ƙarfe ya fito fari, musamman layin da walda ta gamu da bututu, don a nan tsaga ke farawa. Fentin gari da ake gasawa a tanda yana ɓoye ɓarna: ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, tsatsa ta yi ta ci, sama kuwa sumul. Inda ka ga ya kumbura ka tsokane shi da sukudireba. Akwai ruwan gano tsaga mai gwangwani uku, na wankewa, da ja mai shiga tsaga, da fari mai fito da ita. Ka fesa jan, ka bar shi mintunan da aka rubuta a jikinsa, ka goge, ka fesa farin. Tsagar da ido bai gani ba za ta fito kamar jan zare a kan farin ƙyalle.

Ka auna kowane rami da baniya, wato ma'aunin kauri da faɗin rami, a tsaye da kuma a kwance. Idan awon biyu ya bambanta, ramin ya zama ƙwai. Kada ka faɗaɗa shi ka sa ƙusa mafi kauri, domin bututun ciki ba zai karɓe ta ba, naman da ya rage a bakin kunnen kuma ya ragu. Gyara biyu ne: ko a walda kakkaurar washa mai ramin daidai a bayan kunnen, ko a yanke kunnen a sa sabo mai kaurin na asali, wanda yawanci milimita 3 ne. Ko wanne za a yi, a zura doguwar sandar ƙarfe miƙaƙƙiya ta ratsa kunnuwan gaba da na baya na hannun gaba ɗaya kafin a ɗiga walda, don su tsaya a layi ɗaya. In suka saɓa, hannun zai riƙa cijewa yana cin bushin. A cire kan batir da kwamfutar inji kafin a kunna injin walda, kuma a ba wanda ya saba da siririn bututu, ba mai koyo ba.

Zaɓen sabuwar ƙusa

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi yin ganganci.

Na farko kauri. Waɗannan motoci suna gauraya awo biyu. Kayan Triumph da na tsohuwar Jaguar awon inci suke bi, da zaren da ake kira UNF. Kayan Sierra da na MX-5 na milimita ne. Mota ɗaya tana iya ɗauke da duka biyun. Ƙusar rabin inci kaurinta milimita 12.7 ne, M12 kuwa 12 cif. Kan ta rabin inci sifana mai kashi uku cikin huɗu na inci take sha, wato milimita 19.05, kan M12 kuma galibi lamba 19, don haka sifana ɗaya ke kama su, mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. Ka sa M12 a ramin rabin inci, ka bar gibin 0.7. Ka sa mai 7/16 na inci, wadda take 11.1, a ramin 12, ka bar kusan 0.9. A ido ba komai ba ne, amma duk birkin da ka taka sai hannun ya yi gaba ya yi baya a cikin wannan gibi. Abin da ya fi wannan haɗari, tazarar zaren rabin inci UNF milimita 1.27 ce, ta M12 mai laushin zare kuma 1.25. Notin rabin inci zai hau ƙusar M12 ya yi ta tafiya kamar nata, alhali da bakin haƙora kawai ya kama, ranar da nauyi ya zo sai ya zame. Ka mallaki ma'aunin zare, ɗan ƙarfe ne mai ganyaye kamar wuƙar aljihu. Ko a cikin na milimita akwai bambanci: M10 na gama-gari tazararsa 1.5, motocin Japan kuwa sun fi amfani da 1.25, da ƙaramin kai mai lamba 14.

Na biyu ƙarfi, kuma a kan ƙusar aka buga shi. A na milimita za ka ga 8.8, 10.9 ko 12.9. Lambar farko ka ninka ta sau ɗari, ita ce ƙarfin da zai tsinka ƙusar a ma'aunin megafaskal, ta biyu kuma tana nuna kashi nawa cikin goma na wannan ƙarfi za ta ɗauka kafin ta miƙe ta ƙi komawa. Ke nan 8.8 tana tsinkewa a wajen 800, tana fara miƙewa a 640. A na inci irin na Amurka layuka ake ja a kan ƙusar: uku daraja ta 5 ce, takwarar 8.8, shida kuma daraja ta 8, takwarar 10.9. Wadda kanta yake fayau babu lamba babu layi, ko aka rubuta 4.6 ko 4.8, ba ta da wurin zama a ƙafar mota. Mafi ƙaranci 8.8. Inda kamfani ya ce 10.9, kamar maɗaurin birki da na kan taya a motoci da yawa, to 10.9 ɗin. Ita 12.9 ba na sa ta sai an rubuta, domin taurinta ya yi yawa, ta fi saurin karyewa farat ɗaya idan tsatsa ta kama ta ko an yi mata rufin zinki da lantarki ba a gasa ta yadda ya kamata ba. Noti ma yana da lamba: 8 ga 8.8, 10 ga 10.9.

Ga masu son ƙyalli, na san ƙarfe mara tsatsa yana da kyau a ido, musamman a motar da ƙafafunta ke waje kowa na gani. Amma wanda aka fi samu, mai lamba A2-70, yana fara miƙewa a 450, ƙasa da 8.8 nesa ba kusa ba, kuma zarensa yana da halin cijewa da noti ya manne tun ba a gama ɗaurewa ba. A bar shi ga fitila da lambar mota.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne santsin jiki. Akwai ƙusa mai zare tun daga kai har ƙarshe, akwai mai santsin jiki da zare a ƙarshe kawai. Ta biyun ake so. Santsin ne zai ratsa kunne na farko, ya ratsa bututun ciki, ya shiga kunne na biyu, zare ya fara daga wajensa. Dalili kuwa, gindin zare ya fi jikin ƙusa sirantaka, kowane kwarinsa mafarin tsaga ne, haƙoransa kuma zarto ne a cikin ramin kunne. Yadda za ka samu daidai: ka auna daga bayan kunne zuwa bayan ɗaya kunnen, wannan shi ne tsawon santsin da kake nema. A ƙa'idar ƙira, ƙusar da ba ta wuce milimita 125 ba, tsawon zarenta ninkin kaurinta biyu ne da ƙarin 6, wato 26 ga M10, 30 ga M12. Idan tsakanin bayan kunnuwanka 50 ne, M12 mai tsawon 80 za ka saya, ko da ta yi maka kamar ta yi tsawo. Ka sa tauraruwar washa ɗaya ko biyu a ƙarƙashin noti don kada ya kai ƙarshen zare ya tsaya bai matse komai ba, abin da ya yi saura ka yanke, ka gyara bakin da zarto mai laushi, ka ɗiga masa fenti.

Notin da ya dace shi ne mai zoben nailan a baki, sabo, kuma zare biyu aƙalla su leƙo bayan zoben, in ba haka ba bai kama ba. Sau ɗaya ake amfani da shi. Nailan yana saki idan zafi ya haura wajen digiri 120, saboda haka kusa da salansa ko faifan birki a sa noti mai kulle na ƙarfe zalla. Noti mai tsaga-tsaga a kai, irin na wasu boljoyin, sabon fin ake zura masa kowane lokaci. Washa mai tsaga da ake cewa tana hana noti kwancewa kuwa, da an matse ta ta baje ta zama washa kawai, kada ka dogara da ita.

Bushin

Tsohon bushin da matsa ake fitar da shi, ba da duka ba. Ka samo soket biyu, ƙarami wanda ya yi daidai da bakin bushin, babba wanda bushin zai faɗa cikinsa, ka jera su a bakin matsar teburi, ko ka ratsa su da doguwar ƙusa mai zare ka riƙa ɗaure noti har ya fito. Ka goge cikin idon hannun ya yi tas, ka duba waldarsa kamar yadda ka duba kunnuwa.

Sababbin iri biyu ne, kuma aikinsu ya sha bamban. Na baƙar roba, robar a manne take da bututun ciki da na waje, ba abin da ke juyawa, murɗewa robar ke yi idan taya ta hau ta sauka. Na roba mai tauri da ake kira foliyuritan, wanda kan zo rabi biyu masu baki kamar hula, shi juyawa yake a kan bututun ciki, don haka yana son giris. A sa wanda ya zo da shi ko na silikon, a shafe bututun da fuskokin gefe. Giris na fetur yana lalata baƙar roba, kada ya kusance ta.

Ko wane iri ne, ƙa'idar ɗaya ce: kunnuwa bututun ciki suke matsewa, su riƙe shi gam kamar an walda. Ƙusa ba sandar juyawa ba ce, aikinta matsewa. Saboda haka a foliyuritan bututun ya ɗan fi bushin tsawo kaɗan bayan an haɗa. In ya gaza, roba za ka matse, hannu ya cije, ƙusa kuma ba za ta taɓa ɗauruwa ba. Idan akwai gibi tsakanin bututun da kunne, ka cike shi da washa mai kaurin daidai, kada ka ja kunnuwan da ƙarfin noti su lanƙwaso. Ka kuma kankare kakkauran fenti daga inda bututu da washa za su zauna, ka bar shafe ɗaya siriri. Fenti mai kauri yana murƙushewa bayan 'yan kwanaki, ɗaurin ya saki, noti kuwa bai juya ko kaɗan ba.

Mayarwa da ɗaurewa

Ka fara da hannun ƙasa, sai na sama, sai kan taya, sai shakazoba. Ka mayar da washar saiti yadda ka ƙirga. Ƙusa ta shiga da turin hannu ko ɗan bugu da gudumar roba. Idan sai an yi mata dukan gaske, wani abu bai daidaita ba, ka tsaya ka nemo shi. Ka shafa man hana mannewa a santsin jikinta kaɗai don wanda zai kwance nan gaba, kada ya taɓa zaren. Mai tsaye kanta ya kasance a sama, mai kwance kanta ya dubi gaba, don ko noti ya faɗi ta zauna a wurinta. Sai dai ka duba ko za ta zaru bayan an mayar da bodi da lagireto, in ba za ta fita ba ka juya ta.

A wannan mataki duk notunan bushin da na shakazoba ka kai su bakin kamawa kawai, kada ka ɗaure. Hannun da ke kan foliyuritan ka gwada shi kafin ka haɗa shakazoba: ka ɗaure shi na gwaji, ka ɗaga ka sake, ya sauka a hankali da nauyin kansa ko da ɗan turi, ba cijewa ba girgiza.

Yanzu ka sa tayoyi, ka sauke motar, ka tura ta gaba da baya mita biyu ko uku, ka danna kowace kusurwa ta zauna. Waɗannan motoci ba su da nauyi, da yawa ba su wuce kilo 500 zuwa 700 ba, don haka nauyin direba yana sauya zamansu. Ka sa wani ya zauna a kujera ko ka ɗora nauyi kwatankwacin naka. A haka za a ɗaure. Idan ka ɗaure bushin baƙar roba ƙafa tana lilo a sama, da ka sauke motar robar ta murɗe ke nan, a murɗe za ta kwana ta tashi, motar ta yi tsayi fiye da ƙima, bushin ya yage cikin ɗan lokaci. In hannunka ba zai shiga ba motar tana ƙasa, ka ɗora tayoyin huɗu a kan matakai masu tsayi ɗaya, ko ka bar ta a kan matokarai ka ɗaga hannun ƙasa da jak har tsakiyar taya ta kai awon da ka rubuta tun farko.

Da sifanar awon ɗauri ake gamawa. Adadin da kamfanin motar ya bayar shi ne gaba da komai. Inda babu, ga abin da aka saba a busasshen zare na gama-gari: a 8.8, M8 wajen Nm 25 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), M10 wajen 50, M12 wajen 85, a 10.9, M10 wajen 70, M12 wajen 120. Na ce busasshe da gangan. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da kake sawa a sifana gogayya ce ke cinye shi, a zare da ƙarƙashin noti, ɗan ragowar ne ke miƙe ƙusa. Idan mai ya taɓa zaren, gogayya ta ragu, adadin nan zai ja ƙusar fiye da ƙima har ta miƙe. Ka riƙe kai, ka ja noti a hankali ba fizga ba, da ta yi ƙara sau ɗaya ka tsaya. Notin boljoyin mai tsaga, in ramin fin bai daidaita ba, gaba ake ƙarawa kaɗan, ba a komawa baya.

Kowane noti da ka gama, ka ja masa layin fenti daga kansa zuwa jikin kunne. Layin yana gaya maka wanda ka ɗaure da wanda ka tsallake, daga baya kuma in ya motsa za ka gani da ido.

Kafin ka fita, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka tabbata babu bakin ƙusa da ke taɓa taya, sifirin ko tiyon birki. Ka taka birki har ya yi tauri. Ka kama kowace taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. Idan a Birtaniya za a yi wa motar rajistar farko, gwajin lafiyar mota da ake kira IVA, wanda ya maye gurbin na baya mai suna SVA a 2009, yana duba cewa maɗauran ƙafa suna da abin kulle, kuma kaifin da ke waje an rufe shi, shi ya sa ake sa wa notunan gaba hulunan roba.

Saitin taya dole ne, ko da ka mayar da komai yadda ka ƙirga, domin tsohon saitin a kan gajiyayyun bushin aka yi shi. Tafiyar farko ta zama gajeriya a hanya mara cunkoso, kunnenka a kan kowace ƙara. Bayan kilomita 100 zuwa 150 ka bi layukan fentin ɗaya bayan ɗaya, ka sake ɗora sifanar awo a kan kowane noti motar tana kan tayoyinta, ka sake auna tsayin kusurwoyi huɗu, don sababbin bushin da sifirin sukan ɗan zauna. Ka maimaita a wajen kilomita 800. Notin da ka samu ya saki a dubawa biyu a jere, kada ka ƙara ɗaure shi ka wuce: ka kwance maɗaurin, ka sake auna ramin da tsawon bututun ciki, ka sa sabuwar ƙusa da sabon noti.